Farcen ɗiyata sirara ne, bakinsu ya ɗaga sama: ana gane lalura daga farce?

Wata uwa daga cikin garin Sakkwato ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum likita. Ɗiyata shekararta 11, amma ƙanwarta mai shekara 8 ta kamo ta a tsawo. Farcenta na hannu ƙanana ne sirara, bakinsu ya ɗaga sama, na ƙafa kuma sun nutse cikin nama. Da na haife ta hannuwanta da ƙafafunta a kumbure suke, daga baya kumburin ya sace. Wata nas ta kalli hannunta ta ce a kai ta a gwada ƙwayoyin halittarta. Wai da gaske ana gane ciwo daga farce? Ni da babanta auren zumunci ne, ko shi ya jawo?"

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su bisa sunna.

Nas ɗin nan ta yi miki gata, ki bi shawararta. Da a ce farcen kaɗai kika ambata, da na ce ki kwantar da hankalinki, domin siffar farce ta bambanta daga gida zuwa gida, wani ma gadonsa ake yi. Amma abu uku kika haɗa mini: gajarta wadda har ƙanwa ta kamo yaya, kumburin hannu da ƙafa tun ranar haihuwa, sai kuma irin wannan farce. Duk likitan yara da ya ji ukun nan a jikin 'ya mace, abin da zai fara zo masa a rai shi ne lalurar Turner. Ban ce ita ce ba, tunda ban ga yarinyar ba, kuma ko na gan ta gwajin jini ne mai yanke magana. Na ce dai zargin ya kai a yi gwajin, kuma a shekarunta bai kamata a ɗaga shi zuwa baɗi ba.

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta, kowace ƙwaya kuma tana ɗauke da wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Biyu daga cikinsu su ke da alaƙa da jinsi: mace tana da X biyu, namiji yana da X da Y. A lalurar Turner yarinya tana da X guda lafiyayye, na biyun kuwa ko dai babu shi gaba ɗaya ko wani yanki nasa ya ɓace. Kusan rabin masu ita haka abin yake a dukkan ƙwayoyinsu. Sauran, wasu ƙwayoyin cikakku ne wasu da giɓi, shi ya sa alamun wata sukan fito ƙarara, na wata kuma sai an ƙura ido. Ana samunta a kusan mace ɗaya cikin 2,000 zuwa 2,500 da aka haifa da rai. Sunan ya samo asali daga Henry Turner, wani likita a Oklahoma ta Amurka, wanda ya yi bayanin mata bakwai masu irin wannan siffa a 1938. Kafin shi Otto Ullrich na Jamus ya bayyana wata yarinya a 1930. Sai a 1959 Charles Ford da abokan aikinsa a Ingila suka gano cewa X ɗaya ne babu.

To me ya haɗa kuromosom da farce? Ruwa ne ya haɗa su, kuma shi ne kumburin da kika gani ranar haihuwa. Ban da jijiyoyin jini, jiki yana da wasu siraran hanyoyi da ke kwashe ruwan da ya tsattsafo cikin tsoka su mayar da shi cikin jini. Kaluluwar da kan fito wa yaro a hammata ko matsematsi idan ya ji ciwo, a kan waɗannan hanyoyi take. A cikin jaririya mai Turner hanyoyin ba sa buɗewa a kan lokaci tun tana ciki, sai ruwa ya taru a bayan wuya da bayan hannu da bayan ƙafa. Farce kuwa yana fara tsirowa ne wajen mako na 10 da shigar ciki, wato ya tsiro ne a kan yatsa mai kumburi, nama ya matse shi ta gefe biyu. Sai ya fito siriri, gajere, wani ya gantsare daga gefe zuwa gefe fiye da kima, wani bakinsa ya kalli sama, gindinsa ya nutse. Daga baya ruwan yakan janye, amma ya riga ya bar sawu. Kin ga yadda gulbin Rima kan cika da damina ya shiga fadama, in ya koma sai ki tarar da layin laka a jikin katanga yana nuna inda ruwa ya kai? Farcen nan haka yake. Fatar da kan sauko daga bayan kunne zuwa kafaɗa, da gashin ƙeya da ya sauko ƙasa sosai, su ma sawun ruwan nan ne.

Wannan ne ya sa maganin shafawa ko na ƙarin jini ba ya gyara shi. Farcen ba ciwo yake yi ba, haka aka zuba shi.

Idan aka kawo mini yarinya irin taki, hannun nakan fara riƙewa, tun ba don komai ba yara sun fi sakin jiki da haka. Nakan kalli farcen daga sama in ga faɗinsa a kan yatsa, sannan in juya yatsan in kalle shi daga gefe, don ta gefe ake ganin ɗagawar baki. Sai in ce ta dunƙule hannu. A yawancin mutane ƙasusuwa huɗu ne kan turo a bayan dunƙule, a jere. A wasu masu Turner na huɗun, wato na yatsan da ke kusa da ƙaramin yatsa, yakan lotsa, saboda ƙashin ya gajarta. Sai ta miƙe hannuwa tafi na kallon gaba, in duba ko daga gwiwar hannu sun karkace waje da yawa. Sai ƙafa, don farcen ƙafa ya fi na hannu faɗin gaskiya a wannan lalura, musamman na ƙananan yatsu, wanda wani lokaci ɗan ɗigo ne kawai. Daga nan wuya, ƙeya, kunnuwa, faɗin ƙirji da tazarar kan nono, yawan tawadar Allah a jiki, da zurfin ganda. Iyaye mata sukan ba ni haƙuri wai yarinya ta sha lalle. Lalle bai ɓoye siffar farce, launi kawai yake rufewa. Yana ma taimakona: in kika tuna ranar da aka ƙunsa, farin da ya fito a gindi yana nuna saurin tsiro, kuma farcen hannu yakan yi kusan milimita 3 a wata.

Yanzu ga inda nake so ki yi hattara, ke da duk uwar da za ta karanta wannan ta ruga ta kama hannun 'yarta. A ƙasarmu, in kin ga farce ya canza siffa, dalilan da suka fi yawa ba su da alaƙa da kuromosom. Na farkonsu ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe, wanda abinci mara gina jiki da tsutsar ciki kan jawo. Shi ma yakan ɗaga gefen farce, tsakiya ta yi kwarmi har ɗigon ruwa ya zauna bai gangaro ba. Bambancin shi ne wannan farcen faɗinsa daidai ne, ya yi laushi yana karyewa, daga baya ya zo, kuma in aka yi maganin jinin sabon da zai tsiro lafiyayye ne. Na Turner tun haihuwa yake, kuma siriri ne. Jarirai da yawa masu ƙoshin lafiya ma farcen babban yatsansu na ƙafa yakan ɗaga a watannin farko, ya daidaita da kansa. Akwai layin da kan gitta farce bayan yaro ya sha zazzaɓi mai tsanani ko ƙyanda, wanda ke tafiya gaba har a yanke shi. Akwai farcen da ya yi kauri ya dafe yana marmashewa, wannan ƙwayar cuta ce ta fata. Akwai kuma wanda kan yatsan gaba ɗaya ya yi ƙulli, farcen ya lulluɓe shi, wannan yana nuni ga tsohon ciwon zuciya ko na huhu, shi ma na asibiti ne amma ta wata ƙofa. Wasu magungunan farfaɗiya da uwa ta sha da ciki, irin su fenitoyin, su ma sukan sa a haifi jariri da ƙananan farce.

Kumburin ma sai an tantance. Na sikila ba ya zuwa ranar haihuwa, sai yaro ya kai wajen wata shida, kuma da zafi yake zuwa, yaro na tsala kuka in an taɓa hannun. Na tamowa yakan zo bayan yaye. Na Turner da shi ake haihuwa, a bayan hannu da bayan ƙafa, babu zafi, jaririya na shan nononta lafiya lau. Abin da kika kwatanta ya fi kama da wannan.

Akwai wasu lalurorin kuromosom da ke taɓa farce, kamar inda aka sami ƙarin kuromosom na 13 ko na 18, amma waɗannan jarirai ne masu rashin lafiya mai tsanani tun daga ranar farko, ba su shafi ɗiyarki ba. Wadda takan rikita likita ita ce lalurar Noonan: gajarta, wuya, ciwon zuciya, duk sun yi kama, sai dai ita tana kama maza da mata kuma kuromosom ɗinsu 46 ne cif. Nan ma jini ne ke rabewa.

Ƙa'idar da ƙwararrun duniya suka fitar a 2017 kan wannan lalura ta ajiye farce a inda ya dace. Akwai alamun da ɗaya tak ya isa a nemi gwaji, kamar gajartar da aka rasa dalilinta a 'ya mace, jinkirin balaga, taruwar ruwa a jikin jaririya tun tana ciki, ko wasu nau'o'in ciwon zuciya na haihuwa. Farce yana aji na biyu, wato sai ya sami abokin tafiya. Akasin haka ma gaskiya ne: masu Turner da yawa farcensu lafiya ƙalau, don haka kyan farce ba ya wanke yarinyar da ta ƙi tsawo.

Batun auren zumunci, ki cire shi daga ranki. Akwai cututtukan gado da auren dangi ke ƙara yawansu, sikila na ciki in duka biyu suna ɗauke da ita, amma Turner ba ta cikinsu. Kuskure ne da kan auku lokacin da ƙwayar haihuwa ke rabuwa, ko a farkon kwanakin ciki. Ba abincin da kika ci ba ne, ba aikin da kika yi da ciki ba, ba shekarunki ba, ba kuma hannun wani ba. Ina faɗin haka ne don na san inda yatsa kan nuna a gidajenmu. A kusan kashi uku cikin huɗu na masu X guda, X ɗin da ya rage na uwa ne, wanda ya ɓace daga ɓangaren uba yake, kuma shi ma uban ba laifinsa ba ne. Ba a kuma saba ganin ta maimaitu a gida ɗaya ba. Wani abin da kan ba iyaye mamaki shi ne kusan 99 cikin 100 na cikin da aka ɗauka da X guda ɓarinsa ake yi. Wadda ta iso duniya har ta kai shekara 11 tana zuwa makaranta, ta riga ta haye babban siraɗi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a nan Sakkwato shi ne jinkiri. Yara da yawa sun tsumbure saboda abinci, don haka gajeriyar yarinya ba ta ɗaukar ido. A ce ai kakarta ta biyo, a ce ai ba ta cin abinci, a ce za ta miƙe in ta balaga. Sai ta kai 16 ko 17, sa'o'inta duk sun yi ƙirgar dangi sun fara al'ada ita shiru, ko ma sai an yi aure shekaru sun tafi ba haihuwa, sannan a zo asibiti, bayan an sha jiƙe-jiƙe da hayaƙi. A lokacin sau da yawa an makara, maganar tsawo ta wuce ko ta kusa wucewa. Ke kuwa kina da ma'auni a cikin ɗakinki: yara biyu, tukunya ɗaya, iyaye ɗaya, amma mai 8 ta kamo mai 11. Abinci ba zai bayyana wannan ba. Akwai kuma lissafin da muke yi: a haɗa tsawon uba da na uwa a santimita, a cire 13, a raba biyu. In uba 172 ne uwa 160, ana sa ran 'yarsu ta tsaya kusa da 159 ko 160. Mai Turner da ba a yi wa magani ba takan gaza abin da ake sa rai da kusan santimita 20. Dalili kuwa akwai wani ɗan yanki a jikin X mai suna SHOX da ke tafiyar da tsawon ƙashi, mutum yana buƙatar biyu, ita ɗaya gare ta.

Ki kai ta sashen yara na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ki ce ana zargin Turner. Gwajin da ke tabbatarwa sunansa kariyotayif. Jini kaɗan ake ɗiba, a raini ƙwayoyinsa, a ƙirga kuromosom a ƙwayoyi da dama, saboda masu gauraye, wato waɗanda wasu ƙwayoyinsu cikakku ne wasu da giɓi, kada a tsallake su. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, sakamakon yakan ɗauki makonni, kuma da kuɗi, don haka likitan ne zai faɗa miki inda za a kai. Kafin ya fito akwai waɗanda suka fi sauƙi: gwajin sinadarin FSH a jini, wanda a shekarunta yakan hau sosai in ma'ajiyar ƙwai ba ta aiki, da sikanin na mara da ƙoda, da hoton ƙashin hannu don a ga sauran nawa ya rage mata na girma. Waɗannan suna ƙarfafa zargi amma ba sa maye gurbin kariyotayif, domin shi kaɗai zai nuna ko akwai ɓurɓushin Y, wanda in akwai ana ba da shawarar cire ma'ajiyar ƙwan saboda haɗarin ƙari.

In da za a ce in zaɓi gwaji ɗaya bayan wannan, na zuciya zan zaɓa. Farce ba ya kashe kowa, gajarta ma haka, amma zuciya tana yi. Kusan ɗaya cikin goma ana haifarsu da ƙuntatacciyar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, wasu da suka fi haka yawa kuma murfin bakin jijiyar ɓangare biyu gare shi maimakon uku. Yarinya na iya yawo da wannan ba ta jin komai. Don haka a yi mata hoton zuciya da ake kira eko, a auna hawan jini a hannu da ƙafa, a lalubi bugun jini a matsematsi. Sai ƙoda, wadda a wasu biyun sukan haɗe ta ƙasa, da halittar gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, don takan yi sanyin aiki, da suga, da ji. Idan tana yawan ciwon kunne ko malamai na cewa ba ta saurare, ki faɗa wa likita. Ƙwaƙwalwarsu dai lafiya take. Wasu lissafi da gane taswira kan ba su wahala, amma a karatu da hadda da magana galibi suna tafiya daidai da sa'o'insu. Kada a cire ta daga makaranta.

Kuromosom ɗin da babu ba a mayar da shi, amma ana cike aikinsa. Akwai allurar sinadarin girma, wadda ƙa'idar 2017 ta ba da shawarar a fara tun shekara 4 zuwa 6, kuma a matsakaici takan ƙara santimita 5 zuwa 8 in an jima ana yi. Ba zan ɓoye miki ba: kullum ake yin ta, tana da tsada ƙwarai, kuma sai an ajiye ta a firji, abin da ke da wuya a garin da bazararsa kan haura digiri 40 ga wuta ba tabbas. Gidaje da yawa ba za su iya ba, kuma wanda bai iya ba bai yi sakaci ba. Abin da ban yarda a bari ba shi ne sinadarin mata, istirojin. Ana farawa da kaɗan a shekara 11 zuwa 12, daidai inda ɗiyarki take, a riƙa ƙarawa a hankali, bayan kamar shekara biyu a haɗa da na biyu, firojestaron, sai al'ada ta riƙa zuwa. Shi ke fitar da nono, ya raya mahaifa, ya ƙarfafa ƙashi kada ya yi gautsi tun da ƙuruciya, kuma kuɗinsa bai kai na allurar ba ko kusa. Sai dai ba abin saye a kemis ba ne, don in aka fara da yawa yakan rufe ƙashi da wuri a yi asarar sauran tsawon. Kusan sulusinsu sukan fara balaga da kansu, shi ya sa ake aunawa kafin a ba da.

Na san tambayar da ba ki rubuta ba. Aure, babu abin da zai hana ta. Haihuwa kuwa, mafi yawansu ƙwansu yakan ƙare da wuri, kaɗan ne ke ɗaukar ciki da kansu, galibi masu gauraye. Wadda ta samu kuma dole likitan zuciya ya duba ta tun kafin cikin, domin ciki yana ɗora wa jijiyar nan nauyi. Ra'ayina, in an tabbatar, a riƙa faɗa wa yarinyar gwargwadon hankalinta, daga bakinki, kafin ta tsinta a bakin wata a gidan biki. In lokacin aure ya zo kuma, wanda zai aure ta ya sani. Amma wannan magana ce ta gaba, ba sai dangi duka sun ji yanzu ba.

Shi farcen kansa, kulawarsa kaɗan ce. Na ƙafa a yanke shi a miƙe, kada a bi kusurwa ana sassaƙewa, nan ne yake shiga nama ya yi mugunya. A jiƙa ƙafar da ruwan ɗumi tukuna, a yi da abin yanka nata na kanta, ba almakashin masu yankan farce na kan titi ba. Takalmin makaranta ya zama mai faɗin baki. Kumburin na iya dawowa, musamman in an fara istirojin, kuma ƙafa mai irin wannan kumburi tana saurin kamuwa da ƙwayar cuta, saboda haka kada a bari wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho. In gefen yatsa ya yi ja ya ɗauki zafi, asibiti za a kai.

Ranar da za ku je, ki tafi da katin rigakafinta in yana nan, saboda awon nauyin da ke ciki, da duk hoton da aka ɗauke ta tana jaririya wanda hannu ko ƙafa suka fito. Ki tafi da ƙanwar ma a auna su tare, a kuma auna tsawonki da na babanta.